Kada a Shaida Cinikin Injin Uwaisu Yau

Assalamu alaikum. Shugaban taro, Malam Gidaɗo, Allah ya ƙara girma, wakilin hakimi, ranka ya daɗe, malamanmu masu karantar da 'ya'yanmu, dattawa, 'yan'uwana masu dafa mazarƙwaila na Ikara da Makarfi da Kudan, ina gaishe ku gaisuwar girma. Na gode wa shugaba da ya ba ni dama, ni Ja'afaru na Janfalan, in yi magana kafin a shaida wannan ciniki.

Kun san abin da ya tara mu. Baba Uwaisu na Kudan, wanda ya koya wa da yawanmu juya kasko, idonsa ya yi rauni, zai sayar da injin matse rakensa, da dokin da ke ja, da kasakensa. Abin da aka ba shi yau, shi zai ci har ƙarshen ransa. Alhaji Ashafa na Zariya ya taya fam casa'in, ya ce ƙiyasin akawunsa Lawal ne. Ni hankalina bai kwanta ba.

Na farko, ba ni da ja da hanyar lissafin. Lawal ya ce a sana'a irin tamu, ana duba abin da injinan maƙwabta ke fitarwa a rani guda, a ɗauki matsakaici, a ninka ribar sau uku. Ya zagaya injina ashirin, ya samu matsakaicin kayan jaki talatin na mazarƙwaila, ribar kowane kaya fam guda. Lissafi ya fita daidai. Amma ina tambayarku, jama'a, wane ne a nan injinsa ke tsayawa a kaya talatin?

Na biyu, ku tuna yadda Lawal ya zo mana. Ya zo da wandon kaki, da babban littafi a hammata, da alƙalami a bayan kunne, kuma ya zo ana saura mako biyu a fara rubuta haraji. Shekara uku ke nan da samun 'yancin kai, amma har yau in muka ga mai littafi, ɓoye abin da muka samu muke yi. Ya'u na Makarfi ya tambaye shi, “Malam, daga ofis kake?” Sai ya yi murmushi ya ce, “Aiko ni aka yi.” Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba. Me ya hana shi ambaton sunan Alhaji? Me ya hana shi zuwa lokacin matsa, ya ƙirga da idonsa? Ba na rantsuwa a kan abin da ke zuciyar mutum, amma ina zargi, kuma a gabansa nake faɗa.

Na uku, kuma wannan ne ya fi ci mini rai: mu muka yanke wa Baba Uwaisu rabin dukiyarsa. Kowa ya rage yawan kayan da ya faɗa wa Lawal, don tsoron haraji da tsoron bakin mutane, aka tattara ragin aka ɗora wa tsoho guda. Gobe in waninku zai sayar, da casa'in ɗin nan za a auna shi.

Don haka ina roƙo kada kowa ya dangwala hannu yau. A sake ƙiyasi, kowa ya faɗi gaskiyar injinsa. Na san wakilin hakimi na zaune, na san harajina zai tashi bana. To, Malam Lawal, buɗe littafinka ka gyara. Na ce maka ashirin da biyar. Sittin da huɗu na fitar. Baba Uwaisu, ka yafe mini.

Allah ya tsare mu da cin haƙƙin juna, ya albarkaci fadamunmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci. Na gode.