Makullan Coci

A layin ganin likita, idon Suwaiba ya kai kan tarin makullan da wata tsohuwa ta ƙulle a haɓar zaninta.

"Mama, duk na gida ne?"

"Na cocinmu ne, a Anguwan Rukuba. Shekara arba'in da ɗaya ni ke buɗewa, in share, in jera benci."

"Sannu! Yanzu da ƙafar nan taki ta kumbura, wa ke taya ki?"

"Sun canza kwaɗo tun Ista. Na je da tsintsiyata, makulli ya ƙi shiga."

"Ba su faɗa miki ba? To, me ya sa kike yawo da su?"

Tsohuwar ta shafa ƙullin.

"Jira nake wani ya ce in kawo, 'yata. Ko wannan ba su tuna ba."