Ruwan Saman Kawu Tavita

Mai girma shugaban wannan taro, wakiliyar majalisar gari, Fasto Faleolo da jama'ar cocin Samowa da suka cika mana layin gaba, tsofaffin ma'aikatan wannan gida, maƙwabta, da waɗanda suka zo sauraron jawabi, da waɗanda suka zo don gasasshen kifi, na kuma san ku kuka fi yawa: barkanmu da ganin wannan rana.

Ni ce Darlene Hostetler. Ni da ƙanena Curtis muka sayi Otal ɗin Vailoa bayan ya shekara tara a kulle. Muna godiya ga kafintoci da masu fenti, muna godiya ga matan da suka wanke fitilun nan ɗaya bayan ɗaya.

Tun da muka fara aiki ake tambayarmu, me ya kai ku? Amsata uku ce.

Ta farko, babu gida a garin nan namu na Bakersfield da ba shi da hoton da aka ɗauka a ɗakin nan. A nan aka yi liyafar auren iyayenmu, a nan muka ci abinci ranar da aka binne mahaifinmu.

Ta biyu, hannu ne ya sassaƙa ginshiƙan nan, hannu ne ya saƙa tabarmin bango, masu hannun kuwa sun kusa ƙarewa. An ƙawata gidan ne da salon tsibirin Samowa, amma ban ce nan Samowa ba ce. Kawu Tavita Leota, ga shi nan a layin gaba, ya shekara talatin yana gyaran famfo a gidan nan, kullum yana yi wa gumakan da ke jikin ginshiƙan dariya, wai a ƙauyensu na can Samowa ko kare ba za su tsorata ba.

Ta uku ita ce ruwan sama, kuma a nan na tafka kuskure. Kun san duk rabin awa ruwa yakan zubo daga wani bututu da ke sama, kamar ruwan sama, kan rumfunan ciyawa na cikin ɗakin nan. Na sa aka cire tsohon bututun, aka kawo na zamani. Na gayyaci Kawu Tavita ya gani, ina ta washe baki. Ya saurara, ya ce, "'Yata, wannan ruwan sama ne ko wankan jariri?"

Na ce, "Haba Kawu, daga Jamus fa aka kawo shi."

Ya ce, "To a mayar musu. Ina kwanon da na ɓoye ƙarƙashin ciyawa?"

Ashe a shekarar 1966 ya kawo amaryarsa, Inna Sina, garin nan da sai a yi wata shida sama ba ta zubar da ko ɗigo ba. Kewar gida ta hana ta cin abinci. Sai ya huda bututu da ƙusoshi manya da ƙanana, ya shimfiɗa kwanon rufi ƙarƙashin ciyawa, don ruwan ya yi ƙara irin ta rufin gidan mahaifiyarta. Mu baƙi mun ɗauka don mu aka yi. Yau shekara biyu ke nan tsufa ya tafi da tunanin Inna Sina, ba ta gane mijinta, "Malam" take ce masa.

Wallahi kunya ta kama ni. Ni da Curtis muka shiga juji muka tono kwanon da bututun da aka zubar, muka mayar da su wurinsu. Kawu ya zauna a kujera yana ba da umarni, yana ce wa Curtis, "Kai, hannunka na riƙe cokali ne kawai?"

Ranar Talata da hantsi Kawu ya turo Inna Sina a keken marasa lafiya, muka buɗe famfo. Ruwa ya sauka kan kwano. Ta ɗaga kai, ta daɗe tana saurare, sannan ta dafa hannunsa ta ce, "Tavita, kana zaune? Tashi ka kwashe shanya!"

Dattijon nan ya miƙe tsaye, hawaye na zuba, ya ce, "To, Sina, ga ni nan zan kwashe."

Jama'a, wanda ya sake tambayata me ya kai mu, amsar ke nan.

Allah ya albarkaci wannan gida da duk wanda zai ci abinci a cikinsa. Allah ya jiƙan waɗanda suka gina shi, ya ƙara wa Kawu da Inna kwana tare, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Curtis, buɗe famfo, Inna tana jira.

Na gode.