Ranar da Sannu-Sannu Ya Ɗaga Jar Tuta

Da sunan Allah, wanda ya ba mu aron wannan bawa nasa, kuma ya karɓi abinsa a lokacin da ya so.

Ranka ya daɗe shugaban hukumar jiragen ƙasa. Manajan sashen manyan kaya. Shugaban ƙungiyarmu ta ma'aikata. Malam liman da dattawan unguwa. Direbobi, masu ƙugiyar haɗa taragai, masu gyaran dogo, da ku tsofaffin abokan aiki da na ga wasunku sun dogaro sanda sun zo. Sannan ke Hajiya, mai ɗakin marigayi, da 'ya'yansa da ƙannensa da jikoki: assalamu alaikum. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Da babbar 'yarsa ta zo gidana ta ce, "Baba Mai Tef, kai za ka yi magana a madadin ma'aikata, tunda kai ne amininsa," sai da na laluba kujera na zauna. Na ce ta nemi wani. Ta ce shi ya faɗa da bakinsa kafin ya cika. To kun gani, ko da ya tafi bai bar ni na huta ba.

Mu da muka yi aiki da shi mun san wanda muka rasa. Ya kasance mutumin da ake aika wa idan kaya ya fi ƙarfin mota, ya fi ƙarfin titi, ya tsaya wa injiniyoyi a wuya. Ya kasance shi ke ɗora tukunyar masana'anta, wadda in an tsayar da ita ta kai gida mai hawa uku, a kan tarago mai ƙafa arba'in da takwas, ya bi sarƙoƙin ɗaya bayan ɗaya yana buga su da guduma yana saurare. Ya kasance ba ya hawa jirgin da yake jagoranta. Da ƙafa yake bin gefensa, tuta biyu a hannu, ja da kore, tun fitowar rana har faɗuwarta. Abin da ya sa muka raɗa masa Sannu-Sannu ke nan. In direba ya ƙosa ya leƙo ya ce, "Oga, ga jaki can ya wuce mu," sai ya ce, "Tambaye shi tan nawa ya ɗauko." Shekara talatin da ɗaya, bai taɓa kayar da kaya ba, bai taɓa dawowa da gawar ma'aikaci ba. Wutar da ke haska ɗakin nan, injinan da ke ba da ita a bayansa suka iso garin.

Wannan shi ne abin da za mu faɗa mu duka. Yanzu ku ba ni dama na faɗi nawa ni kaɗai, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki. Benci ɗaya muka zauna a makarantar horo, kuma ni na zo na ɗaya, shi na bakwai. Na bakwai, jama'a! Ni aka ba awon hanya: kafin kaya ya motsa sai na bi layin na auna kowace gada, kowace kwana, kowane rufin tasha, na rubuta inda zai wuce da inda ba zai wuce ba. Wata shida, wata takwas ina cikin rana da tef da sanda. In na gama, shi ake miƙa wa takarduna, shi ake miƙa wa tuta. Ran da kaya ya isa, shi ake ɗagawa sama. Akwai hoton da aka taɓa bugawa a jarida, yana tsaye gaban wani tiransifoma yana murmushi. Ina cikin hoton nan. Gwiwar hannuna ce a gefen hagu. Matata ce ta gane ta, saboda ita ta yi wa rigar faci.

Ina dariya da ku yanzu, amma lokacin ba dariya nake ba. In an yabe shi a taro, ƙyashi ke cin raina. In ya gaishe ni da fara'a, sai na ce a raina, ga shi nan yana yi mini alfarma. Ɗana na cikina, da zai zaɓi abin da zai karanta, gidansu ya tafi neman shawara. Na yi mako ban amsa gaisuwar yaron ba.

Sai aka zo kan tiransifoman tashar wuta, tan ɗari da tamanin, mafi girman abin da muka taɓa ɗauka. Tafiyar da jirgin fasinja ke yi cikin awa shida, mu kwana goma sha ɗaya aka yanka mana. Na sa rai wannan karon ni za a ba tuta, don manaja ya taɓa ce mini, "Lokacinka na zuwa." A kan hanyar akwai wata gadar mota da ke ratsa layin ta sama. Na auna ta sau uku: kayan zai wuce, da ragowar yatsa huɗu.

Ranar da aka sanar Sannu-Sannu ne zai ja tafiyar, a ranar wata takarda ta iso teburina daga masu gyaran dogo. Sun ƙara tsakuwa a ƙarƙashin gadar nan bayan ruwan sama, layin ya ɗago. Na karanta. Na san abin da take nufi fiye da kowa a ginin. Na buɗe aljihun tebur na jefa ta. Na ce a raina, tunda shi ne gwani, bari ya zo ya tambaye ni. Gobe zan faɗa masa. Goben ta zama jibi, jibi ta zama ranar tashi.

Kwana na tara, da hantsi, muka hango gadar. Mutanen garin sun cika kanta maƙil sun zo kallo: mata da goyo, masu talla, tsofaffi sun jingina da ƙarfen gefe suna ɗaga mana hannu. Jirgi na tafiya kamar ana jan sa da zare. Taku ɗari. Taku tamanin. Wallahi na buɗe baki, harshena ya ƙi tashi, don in na yi magana sai an tambaye ni yaushe na sani. Ina ji ina gani, kunyar kaina ta fi mini nauyi a kan rayukan da ke saman gadar nan. Allah ya yafe mini.

Saura kamar taku talatin, ya ɗaga jar tuta. Birki ya yi ƙara, jirgi ya tsaya.

Direba ya ce, "Oga, lafiya? Ai takarda ta ce za mu wuce."

Ya ce, "Takarda ta ce. Kawo mini sanda."

Ya shiga ƙarƙashin gadar da kansa ya auna. Kayan ya fi ƙarfin wurin da yatsa uku. Kwana biyu muka yi muna kwashe tsakuwa da shebur har layin ya sauka, sannan muka wuce.

Da muka zauna inuwar tarago muna shan ruwa, na ce masa, "Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ta ina ka gane?"

Ya ce, "Ni ban kalli gada ba, mutumina. Kai na kalla. Duk gadar da muka tunkara kana gaba kana taƙama da awonka. Yau kana can baya kana kallon takalminka."

A rahotonsa layi ɗaya ya rubuta: an sake awo, an sami bambanci, an gyara. Babu sunan kowa.

Kuna tsammani na gode masa? Ƙyashin ƙaruwa ya yi. Da ya zage ni gaban ma'aikata, da ya kai ƙarata an kore ni, da na sami abin riƙewa na ce ai shi ma mutum ne. Ya fi ni a aiki, ya zo ya fi ni a hali. Shekara goma sha tara ina ɗauke da wannan, kaya ne da babu taragon da zai iya masa.

Watan jiya na je duba shi a asibiti bayan la'asar. Hajiya, kin tuna kin fita kin ba mu wuri. Na ce masa, "Akwai wata takarda."

Ya ce, "Ta tsakuwa? Shugaban masu gyaran dogo ya faɗa mini tun muna riƙe da shebur."

Na ce, "To me ya hana ka magana?"

Ya ce, "In an kore ka, wa zai auna mini hanya? Bayan ranar nan ka taɓa ɓoye mini ko rabin yatsa?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ka gani." Ya yi tari, sannan ya ce, "Ai ni nake sha'awarka, kai da ka fi ni kwana a gida, kana ganin 'ya'yanka suna girma. Ni autata ranar da na dawo daga wata tafiya ɓuya ta yi a bayan uwarta, ta ɗauka baƙo ne."

Na gyara masa bargo.

Hajiya, ke kika riƙe gidan nan makonnin da yake bin dogo da ƙafa, kuma duk yabon da muke yi masa rabinsa naki ne. Ku 'ya'yansa, kun tashi kuna kirana Baba, kuna kawo mini gaisuwa, ba ku san abin da ke cikin zuciyata ba. Yau kun sani. Ubanku ya yafe mini tun ban roƙa ba. Ku ina roƙonku, a gaban jama'ar nan, ku yafe mini. Ke auta, ubanki ba baƙo ba ne, yana maganarki a kowace tasha har mu gaji da ji.

Ba zan yi muku ƙarya na ce na warke ba. Da na shigo ɗazu na ga kujeru sun ƙare, mutane na tsaye har bakin titi, sai da zuciyata ta tambaye ni mutum nawa za su zo nawa taron. Haka nake, ina fama. Ku sa ni a addu'a.

A madadin ma'aikata da iyalansa, muna godiya ga duk wanda ya taka ƙafa ya zo. Allah ya mayar da kowa gida lafiya.

Ya Allah, bawanka ya tsare rayukan bayinka, ya rufa asirin wanda bai cancanta ba. Ka rufa masa nasa asirin ranar da babu mai rufawa sai kai. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka raya zuriyarsa a kan halinsa. Mu kuma da muka saura, ka wanke mana zukata kafin namu lokacin ya zo, ka fara da tawa.

Amin.