Yayana da Kitson 'Yarsa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hajara daga Poumpoumré, Garwa.

Yayana mahauci ne, matarsa ta rasu bara, ta bar masa 'ya ɗaya. Kwanaki muna kallon wasan talabijin, aka nuna wani da matarsa ta rasu yana yi wa 'yarsa kitso. Washegari na tarar da Yaya riƙe da mataji, yarinya a gabansa. Na ce, "Yaya, kawo in yi mata." Ya ce, "Bari, hannuna take so."

Kitson duk ya karkace, amma ta hana a tsefe, haka ta tafi lekol, wato makaranta. Jama'a, akwai maza masu yin haka kuwa? In koya masa, ko in ƙyale su?