Yaron da Aka Bari a Kurkuku

A ɗakin jira na asibitin goge zanen jiki a garin Burbank na Amurka, wata budurwa ta hango zanen tsuntsun wani tsohon fim, irin nata sak, a hannun wani mai sanƙo.

"Kai ma sun yaudare ka ke nan," ta ce. "Littafi uku ne, suka yi fim ɗaya, suka bar yaron a kurkuku."

"A wace silima kika kalla, ƙanwata?"

"A waya na sauke, kyauta. Amma na kalla ba adadi."

"Sannu da ƙoƙari. Irin soyayyarku ce ta bar kujerun silima wayam."

"Da sun yi na biyu ai da na je."

"Suna ta jiran riba, kuka girma, muka tsufa."

"Ku su wa?"

"Ni ne yaron fim ɗin. Shekara da shekaru an hana ni aski, wai kada gashina ya canja."

Ta dubi kansa. "Ayya. A littafin dai ka fito, har ka yi aure."

"Da wa?" ya tambaya. "Ni ban karanta ba."