Tauraro Biyar ga Wanda Ba Ya Nan

Assalamu alaikum.

Kafin in gaishe ku, ku bar ni in faɗi abu ɗaya, don in na tsaya gaisuwa kuka zai riga ni. Kwana talatin da biyu da rasuwar maigidana, wasiƙa ta zo daga babban ofishinku da sunansa a baya. 'Yata ce ta karanta mini, ni karatuna bai kai na wasiƙar ofis ba. An rubuta: "Muna taya ka murna. Reshenka ya tashi daga tauraro biyu zuwa biyar saura kaɗan. Ka ci gaba da abin da kake yi." Na ce ta maimaita mini layin ƙarshe, ta maimaita. Na ce, "To, ai kuwa yana ci gaba da shi." Ranar na gane cewa a ofishinku mutuwarsa ba ta iso ba, taurarinsa ne kawai suka iso.

Mai girma shugaban taro, mai girma shugaban wannan kamfani na tabarau, manyan ma'aikatan babban ofis, shugabannin rassa sittin da huɗu da kuka zo daga kowane lungu na ƙasar nan, 'yan'uwana mata da kuka rako mazajenku, da sauran jama'a, ina gaishe ku da kyau. Na gode da kuka aiko mini mota, na gode da kujerar gaba, na gode da wannan kofi na reshen da ya fi kowane ci gaba a bana. Yana da nauyi. Da mai shi yana raye, da ya ce a zuba ƙananan kusoshin tabarau a ciki, don kullum ɓacewa suke yi.

Maganata uku ce.

Ta farko, taswirar da aka haska mana ɗazu a bango. Na ga rassa talatin da wani abu sun cunkushe a manyan birane, ɗigo kan ɗigo, duk koraye. Na ga ashirin da ɗoriya a tsakiya, rawaya da kore. Can gefe kuma, inda taswira ta kusa ƙarewa har mai nuni ya yi ɗage kafin sandarsa ta kai, akwai ɗigo ɗaya shi kaɗai. Namu ke nan. Shekara shida yana ja, yau ne na fara ganinsa kore. A bango ɗigo ne, amma ni na san cikinsa: ɗaki biyu ne, da benci mai ƙafa ɗaya gajeruwa, da allon haruffa da rana ta ci gefensa, da kujerar gwajin ido da take ƙara in mutum ya zauna. Daga wannan ɗigo zuwa na kusa da shi tafiyar awa bakwai ce a mota. Taswira ba ta nuna awa bakwai, kamu ɗaya ne da yatsa.

Ta biyu, taurari. An yi mana bayani cewa wanda ya sayi tabarau yana shiga wayarsa ya ba reshe tauraro, daga ɗaya zuwa biyar. Tsari ne mai kyau, Allah Ya saka wa wanda ya ƙirƙiro shi. Sai dai ina roƙonsa ya tuna abin da muke sayarwa. Masu zuwa wurinmu tsofaffi ne waɗanda ba sa ganin fuskar jikokinsu, balle tauraro a cikin waya. Masu ganin wayar kuwa matasa ne masu sauri, waɗanda suka zo suka tarar da tsoho a kan kujera, maigidana yana canja masa gilashi a karo na goma yana cewa, "Baba, wannan ko wancan? Kada ka faɗa don ka faranta mini." Sai su fita su rubuta: "Jira ya yi yawa. Tauraro ɗaya." Wata ta rubuta: "Ya ƙi sayar mini, wai in tafi asibiti." Ita ma ɗaya ta bayar. Daga baya ta zo da mijinta yin godiya, an yi mata aiki ido ya tsira, amma ta ce ba ta san yadda ake goge tauraro ba.

Wani jami'inku ya taɓa zuwa, mutumin kirki, ya ci abinci a gidanmu. Ya ce wa maigidana, "Malam, ka karɓi wayar tsohon ka danna masa biyar mana. Taimako ne, kowa haka yake yi." Ban ce a rassanku ake yi ba, 'yan'uwa, ku daina kallon ƙasa. Maigidana ya ce, "Mutumin da ya zo don ba ya gani, ni zan fara cutarsa ta wurin da ba ya gani?" Da baƙon ya tafi na ce, "Kai dai taurin kanka zai rufe shagon nan." Ya ce, "Uwargida, ke tauraro nawa kika ba ni?" Na ce, "Biyu da rabi, rabin ma don 'ya'ya." Ya yi dariya har ya cire tabaraunsa yana share ido.

Ban san maganata ta rufe shago za ta kama ba. Wata huɗu kafin ya rasu aka aiko takarda aka manna a ƙofa: reshen da bai kai tauraro huɗu ba za a rufe shi a ƙarshen shekara. Daga ranar ya rage cin abinci. Ban ce takardar ce ta kashe shi ba, kwana ne ya ƙare, hawan jini kuma ya daɗe da shi. Ya faɗi da hantsi, da gilashin wata tsohuwa a hannunsa.

Sai tsofaffin nan suka fara zuwa, suna tambayar inda za su rubuta ta'aziyya wadda kamfani zai gani. Matar da ke tsaron kantar shagon ta ce ba ta san wani wuri ba sai shafin taurari. 'Ya'yansu da jikokinsu suka rubuta musu. "Allah Ya jiƙan Baban Tabarau," tauraro biyar. "Shi ya sa na ga kafar allura," tauraro biyar. Mutum ɗari uku da sha ɗaya. Ɗazu na ji mai girma shugaba yana cewa sauran rassa su zo su koyi sirrinmu. Ranka ya daɗe, sirrin ke nan. Ban ba kowa shawarar ya gwada ba.

Ta uku roƙo ne, shi ya sa na yarda na hau motarku. Da na iso jiya na tambayi ofishin da ya ba da kofi, suka ce maganar rufewa ba tasu ba ce, ta ofishin rassa ce. Na hau bene na je can, suka ce su lissafin watanni tara na farko suke dubawa, a nasu allon har yanzu ja muke. Bene ɗaya ne tsakanin ofisoshin nan biyu, na ƙirga, matakala goma sha takwas. Ni da ciwon gwiwa na hau. Ina roƙon wani mai lafiya a cikinku ya hau, ko ya sauko. A reshen nan akwai mai yankan gilashi, da matar da ke tsaron kanta, da mai gadi, kowa da iyalinsa. Akwai tsofaffin da ba za su iya awa bakwai a mota ba. Ni ba don kaina nake roƙo ba, nawa ya riga ya tafi.

Allah Ya ƙara wa wannan kamfani albarka, Ya ba shugabanninsa lafiya da ido mai gani har gefen taswira. Allah Ya ba kowane reshe taurarinsa tun mai shi yana numfashi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Saura kwana goma sha tara shekara ta ƙare. Takardar rufewa tana nan manne a ƙofa, ba wanda ya sa hannu a cire ta, kuma ba a turo mai gwajin ido ba.

Na gode.