Kujerar Addu'ar Tsohuwa

A tashar mota, wata dattijuwa tana zaune kusa da wani magidanci da ya rungume 'yar kujerar katako.

"Ɗana, ba za ka sa ta cikin kaya ba?"

"A'a, Mama, ta tsohuwarmu ce. Jiya muka binne ta."

"Ayya, sannu. Ta manyanta?"

"Ta haura casa'in. Har 'ya'yan jikokinta ta goya."

"To ai wannan sai godiya, ba kuka ba."

"Haka kowa ke cewa, har fasto. Kin ga inda katakon ya lotsa? Gwiwar hannunta ce. Kullum da asuba nan take durƙusawa, ta kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya cikin sunan Yesu. Ido ya tafi, ƙafa ta ƙi kai ta coci, ba ta fasa ba. In ta tsallake jika guda sai ta koma farko, mu kuwa yunwa na cin mu."

Dattijuwar ta yi murmushi.

"Yau na farka na ji gidan shiru, Mama. Da furfurata, sai na tuna ba mai ambatona gaban Allah kuma."

Ta daɗe tana dubansa.

"Yaya sunanka, ɗana?"

Ya faɗa mata a hankali. Ta maimaita, don kada ta manta.